Idon Da Ya Ƙi Sunkuyawa

Sallama gare ku 'yan uwana na cikin waya, da masu karanta ni a kicin, da masu karanta ni a ɓoye a ofis. Wadda yau ce ta fara cin karo da ni, sunana Zubaida, 'yar Fadaman Mada ce ni a nan Bauchi, sana'ata zanen lalle. Masu cika mini waya da tambayar "Zuby, wai an fasa auren ne?" ku gyara zama, amsarku ta iso. Sai dai za ku yi haƙuri in ɗan koma baya, don sababbin zuwa su san inda aka kwana.

Mahfuz ne saurayin. Sola yake haɗa wa mutane, shagonsa yana Yelwa, kuma a kan rufin gidanmu na fara ganinsa, ya yi baƙi da rana yana roƙon a miƙo masa ruwa. Fulanin Tirwun ne. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, yayar babansa ce ta raine shi, Goggo Habibatu. In Goggo ta ce eh a gidan nan, ko Baffa Hammajoda, baban Mahfuz, da furfurarsa da garken shanunsa, ba ya cewa a'a. Ku riƙe sunanta da kyau, don da ita za mu yi yau.

Tun ina ƙarama ake yabon idona. Dara-dara ne, irin na Ummanmu. Shi ya sa da suka fara ƙara fitowa bayan an kawo gaisuwata, babu wanda ya ga abin tsoro. Ƙawaye cewa suke yi, "Zuby, soyayya ta karɓe ki, ido sai ƙara girma yake." Ni ma sai in tsaya gaban madubi in zizara kwalli, in ce a raina lallai Mahfuz ya yi dace.

Sai rama ta biyo baya. Ina cin tuwo malmala biyu in ƙara da sauran na Umma, amma siket ɗin da aka ɗinka mini da Ƙaramar Sallah sai da na kama shi da fil. Ana ruwan sama kowa ya ja bargo, ni ina gaban fanka ina zufa. Gabana ya riƙa bugawa ko a zaune nake. Ga saurin fushi, cokali ya faɗi sai in ji kamar in rufe gidan da faɗa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannuna. Ni da ake yi wa layi saboda siririn zanena, sai ga fure yana fita a karkace a hannun amarya, har uwar wata amarya ta tambaye ni ko ban karya kumallo ba ne.

Anti Fati, ƙanwar Umma, ita ce mai gyaran amare a danginmu. Ta dube ni sama da ƙasa ta riƙe haɓa.

"Yaya, wannan ƙashin wuyan za ku kai gidan miji? Ai sai a ce ba ku dafa abinci."

Washegari ta aiko da maganin ƙiba, irin na ruwa da ake saye a kemis. Ta haɗa shi da zuma da wasu garurrukanta, ta ɗura a ƙananan kwalabe masu duhu, babu takarda a jikinsu. Ina sha safe da yamma, kasala kawai nake samu, ƙiba ko alama. In kwalba ta ƙare sai in wanke in jera ta a bayan madubi, wai zan riƙa zuba man lalle a ciki.

Ranar da Goggo Habibatu za ta zo ganina, kafin maza su sa rana, Umma ta tayar da gidan tun da sassafe. An wanke tsakar gida, an turara falo, an dama fura da nono mai kauri don kar Fulani su raina mu. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, na yafa babban mayafi ruwan madara har gwiwa. Umma ta ja ni gefe.

"Kin san mutanen nan da kunya. Ki durƙusa, ki yi ƙasa da kai, kar ki yarda ki haɗa ido da ita."

"Na ji, Umma."

Na ɗauki tire na yi sallama. Tun daga bakin ƙofa kofunan suka fara kaɗawa, ƙararsu ta cika falon. Goggo doguwa ce siririya, baƙin zane, farin mayafi, carbi a hannu. Gefenta Mas'uda ce, ƙanwar Mahfuz da suke uba ɗaya, ta sha abaya mai duwatsu tana latsa waya. Na dire tiren da ƙyar, na durƙusa na gaishe su, zufa tana bin bayana.

"Ɗago mu gan ki, yarinya," in ji Goggo.

Na ɗago kaɗan, irin ɗagowar kunya da na yi ta gwadawa a ɗaki. A zuciyata kallon ladabi nake yi. Abin da ban sani ba, fatar idona ta sama ta daina sauka yadda ya kamata. Ko ƙasa na kalla, ita tana can sama a maƙale, farin ido duk a waje. Ni ina ganin na sunkuyar da ido, ita kuwa tana ganin yarinya ta zare mata ido ko ƙiftawa babu. Na ga ta ɗan ja baya, carbin ya tsaya a hannunta. Furar da aka dama dominta ko taɓawa ba ta yi ba.

Da aka kira la'asar Mas'uda ta ce za ta yi sallah, na kai ta ɗakina na shimfiɗa mata darduma. Ni da nake neman shiri da ƙanwar miji, har turare na ba ta.

Bayan magariba waya ta yi ƙara. Mahfuz ne, ya turo hoto. Kwalabena ne, a jere a bayan madubi.

"Zubaida, mene ne wannan?"

"Maganin ƙiba ne na Anti Fati. Wa ya ɗauki hoton ɗakina?"

"Goggo ta ce hannunki yana rawa, idonki a tsaye, kin jiƙe da gumi, kin rame. Ta ce irin haka take gani a jikin yaran da ke shan sirof a bakin tasha."

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa ya goge. Ina zaune ina kallon wayar. Daga ƙarshe ga abin da ya shigo:

"Ni dai ki gaya mini gaskiya. Zan rufa miki asiri."

Wallahi 'yan uwa, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kashe wayar na cusa ta ƙarƙashin katifa, na yi kuka har idon ya ƙara yin ja.

Aka ɗage sa rana, ba a faɗi sai yaushe ba. Anti Fati ta ɗauki keke napep har Tirwun ta rantse da Allah ita ta ɗura maganin. Goggo ta saurare ta tsaf, sannan ta ce, "Na ji na kwalba. Idon fa? Rawar hannun fa? Shi ma ke kika ɗura mata?" Anti Fati ta kamo hanya ta dawo gida. Hoton kuwa ya riga ya yi nisa, daga guruf ɗin danginsu ya faɗa na ƙawayen Mas'uda, daga nan ya shigo unguwarmu. Amaren da suka kama rana da ni suka fara kira suna cewa an samu canji. In na fita shagon bakin layi sayen sabulu, hira sai ta tsaya.

Duk wannan na iya ɗauka. Wanda ya karya ni shi ne na Baba. Babanmu yadi yake sayarwa a kasuwar Wunti, kuma shi ke jan sallah a masallacin layinmu in liman ba ya nan. Ya kira ni ɗakinsa, yana zaune a kan buzu.

"Zubaida, tsakaninki da Allah, kina sha?"

"Baba, ban taɓa ba."

Ya ɗago ya dube ni, na dube shi, sai na lura shi ma idon nawa yake kallo. Daga baya ya ce in tashi in je. A ranar na gane ba aure kaɗai ke shirin kuɓuce mini ba, har da sunana a gidan ubana.

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama gidanmu ranar wata Asabar. Gajera ce mai fara'a, da gilashi, ta ɗaura ɗankwali irin na masu zuwa coci. Ta ce sunanta Liatu, 'yar abokiyar aikinta ake aurarwa, an ce kowa sai ya yi lalle. Da alama labarina bai kai mata ba. Na shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar mangwaronmu, na kama hannunta ina addu'ar Allah ya rufa asiri.

Ban kai rabin fure ba ta ce, "Dakata tukuna." Ta juya hannuna, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun tana jin bugun jinina.

"Gudu kika yi kafin in zo?"

"A'a, tun safe ina zaune."

"Tafin hannunki kullum haka yake da zafi da danshi?"

"Ya kwana biyu a haka."

Ta ce a kawo ruwa. Na zaci ita za ta sha, sai ta miƙo mini, ta ce in ɗage mayafi in haɗiya a hankali, tana kallon wuyana. Ta ɗaga yatsa sama ta sauke shi ƙasa, ta ce in bi shi da ido. Ta tambaye ni abinci, barci, al'ada, fushi. Komai ta tambaya sai in ji kamar a gidanmu take kwana. Umma da ke tsintar shinkafa ta ajiye faranti ta matso.

"Baiwar Allah, duba kike yi ne?"

Ta yi dariya. "Mama, likita ce ni. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, nan ƙasan maƙogwaro, mu muna ce mata tayirod. In ta kumbura sosai ita ce ake cewa maƙoƙo. Aikinta fitar da wani sinadari cikin jini, homon, shi ke gaya wa jiki saurin da zai yi aiki. Ina zargin tata tana fitarwa fiye da kima, shi ya sa komai nata yake gudu. Zuciya, hannu, yunwa, har fushin."

"To idon fa?" Ni ce na tambaya.

"Sojojin jiki masu yaƙi da cuta ne suke rikicewa su far wa tsokar. Su ne kuma suke taɓa naman da ke bayan ido, ya kumbura ya turo idon waje, fatar sama ta ja baya. Ciwo ɗaya ne, wuya da idon. Amma sai gwajin jini ya tabbatar. Ki zo asibiti ranar Talata, ranar muke ganin masu irin wannan."

Na ce, "Likita, ba shaye-shaye ke kawo shi ba?"

Ta cire gilashinta ta dube ni. "Wa ya ce miki haka?"

Sai hawaye suka zubo mini. Umma ma ta juya baya tana gyara ɗankwali.

Gwajin jini ya nuna abin da ta faɗa. Aka ba ni ƙwayar da za ta rage wa tsokar gudu, da wadda za ta kwantar da bugun zuciya, da maganin ɗigawa a ido. Aka hana ni zama cikin hayaƙi, aka ce in riƙa ɗaga matashi in zan kwanta. Kwalaben Anti Fati kuwa likita ta ce in zubar, Anti ta yi kwana da kwanaki tana mitar zumarta. Baba ya ji bayani, da ya dawo kasuwa sai ya ajiye mini yadi mai ruwan zuma a bakin ƙofa, ya wuce. Na san ban-haƙurinsa ke nan.

Mahfuz ya zo da yamma, ya tsaya a zaure yana murza hula a hannu.

"Zubaida, ban yarda da maganar ba fa."

"Ba ka yarda ba, ba ka kuma ƙaryata ba. Ka je, ban gama jin haushinka ba."

Amma na ba shi takardar asibiti ya kai Tirwun, ina ganin magana ta ƙare. Ashe ban san Goggo ba. Ko karɓa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Takarda? Ko ni in na je zan samu mai rubuta mini cewa ni budurwa ce." Ta ce in ana son ta yarda, ita da ƙafarta za ta kai ni asibiti a ɗebi jinina a gabanta, a duba ko ina shan ƙwaya.

Baba da saƙon ya iso masa sai da ya miƙe tsaye. "'Yata ba tunkiya ba ce da za a kai ta a duba mata haƙori. Su riƙe ɗansu."

Na durƙusa a gabansa. "Baba, in aka fasa a haka, har in mutu ana nuna ni da baki. Ka bar ni in je. Abu ɗaya nake roƙo, ni zan zaɓi ranar."

"Wace rana?"

"Talata."

Ya dube ni, ya dubi Umma, bai gane ba. Ni kuwa na riga na zauna a kan bencin asibiti na ranar Talata, na san abin da ido yake gani a wurin.

Na sa doguwar riga ruwan toka da hijabi fari, ban sa kwalli ba, ban sa baƙin gilashin da nake ɓuya a ciki ba. Keke napep ɗaya muka shiga, ni da Goggo da Mas'uda. Goggo ta manne a can gefe tana jan carbi, ta bar fili tsakaninmu har mutum ya zauna.

Na miƙa katina, na ja su zuwa barandar da ake jira. Goggo ta zauna kanta a sunkuye, irin zaman wanda ya zo wurin da bai dace da shi ba. Sai wata tsohuwa ta yi mata sannu. Ta ɗago za ta amsa, maganar ta tsaya a bakinta.

Tsohuwar Hajiya ce mai haƙorin Makka, da carbinta irin na Goggo, idanunta a waje sun fi nawa. Kusa da ita wani magidanci ne da babbar riga yana goge gumi, ido a tsaye. Sai wata ɗaliba da jakar goyo, sai wata mai goyon jariri. Ba kowa ne idonsa ya fito ba, wasu wuyan ne ya kumbura, wasu rawar hannu ce kawai. Amma duk inda Goggo ta juya a barandar nan, sai ta ci karo da wani yana kallonta da irin kallon da ta kira rashin kunya. Na ga carbin ya sake tsayawa, kamar ranar farko.

A ƙarshen benci akwai wata Bafulatana, da kitsonta da 'yan kunnenta na azurfa, ta ajiye ƙwaryar nono a gefen ƙafarta. Daga gani daga ruga ta taso. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma idon ya ƙi rufuwa. Goggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta tashi ta koma kusa da ita ta gaishe ta da Fillanci.

Ni ba na jin Fillanci. Na dai ga matar tana magana a hankali tana nuna wuyanta, tana miƙa hannu yana kaɗawa. Na taɓo Mas'uda.

"Me take cewa?"

Mas'uda ta ƙi kallona. "Ta ce uwar mijinta ta ce tana zare mata ido. Daga baya maraƙi ya mutu, aka ce mayya ce, ita ta kama shi da ido. Aka raba mata ƙwarya da kowa. Har 'ya'yanta aka hana su kwana ɗakinta."

"Goggo fa, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

Amma na ga ta ɗauki ƙwaryar matar ta matsar da ita inuwa, ta kuma bar hannunta a kan gwiwar matar har aka kira sunana.

Dakta Liatu ta tarbe mu da fara'a, lallen da na yi mata ya fara gogewa. Goggo ta zauna a bakin kujera.

"Likita, ciwon nan ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Mama. Ko kwano ɗaya kuka ci."

"Za ta haihu?"

"In Allah ya yarda. Sai dai a bari jinin ya daidaita tukuna kafin ta ɗauki ciki, kuma in ta ɗauka ta zo da wuri mu duba maganin. Kar a matsa mata."

Goggo ta gyaɗa kai. "Idon zai koma?"

"Rawar hannu da ramar za su tafi. Ido yana da taurin kai. Zai iya sauka sosai, zai iya sauka kaɗan ya tsaya. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

Ni ma wannan ce tambayar da nake tsoron yi. Likita ta jawo biro.

"To Mama, an ce akwai wani gwaji da kika zo a yi a gabanki."

Goggo ta gyara mayafi. "Wane gwaji? Ni 'yata na rako ganin likita."

'Yan uwa, kun ji? 'Yata. Da wata ce da ta yi shiru ta karɓi nasararta. Amma ni Zubaida ce, kuma ban manta hirar da ke tsayawa a shagon bakin layi ba.

"A yi shi, likita. Ba don Goggo ba, don waɗanda suka ga hoto."

Aka yi, a gabanta, ita da kanta ta riƙe mini hijabi. Da sakamako ya fito babu komai, Goggo ta juya wurin Mas'uda.

"Duk inda kika aika hoton kwalba, ki aika wannan. Ki sa muryarki ki ce ke kika yi ƙarya. Ina zaune nan sai kin gama."

Mas'uda ta yi ta aikawa tana share hawaye, ni kuwa na kau da kai, na ce kar in yi dariya a gaban suruka. A hanyar dawowa filin nan na cikin keke napep babu shi, kafaɗarta tana gogar tawa har ƙofar gida.

Damina ta ja baya, magani ya fara aiki. Na daina kwana gaban fanka, siket ya daina neman fil, amare suka dawo da kira, wasu har da kame-kamen cewa dama layina ne ba ya shiga. Idon ya sauka kaɗan, ya tsaya. In kin gan ni a hanya za ki san ba haka aka haife ni ba. Wasu ranaku in kalli madubi in yi kuka, wasu ranaku in zizara kwallina in fita.

Jiya da hantsi motar Baffa Hammajoda ta tsaya a ƙofar gidanmu. Maza suka zauna a zaure da Baba, da goro da alawar sa rana. Goggo ta shigo ciki ita kaɗai. Ta gaisa da Umma, ta sha fura har ta nemi ƙari. Sannan ta wuce inuwar mangwaro, ta zauna a kan tabarmar aikina, ta miƙo hannuwanta biyu.

"An ce ke ce gwanar lalle a unguwar nan. Ni tun da nake ban taɓa yin na zane ba, dungulmi muka sani. Ki yi mini, zan je da shi biki bayan Babbar Sallah."

Umma ta toshe baki da mayafi ta shige kicin, can na jiyo guɗar Anti Fati ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na kama hannun Goggo, mai kaushi, hannun da ya tatsi nono ya kuma raini Mahfuz. Na yi ƙasa da kai yadda Umma ta koya mini, na fara. Wayata ta yi ƙara a gefen tabarma, sunan Mahfuz ya fito, ya sake fitowa.

"Bar shi ya jira," in ji Goggo. "Shi ma ya ɗanɗana. Kuma na gaya musu a gida, duk wanda ya tambaye ki haihuwa kafin likita ta ce, da ni zai yi."

Na ce, "Na gode, Goggo," kaina yana ƙasa.

Na gama furen farko. Sannan ta ce, "Zubaida." Ranar ce ta fara kiran sunana.

"Na'am, Goggo."

"A gidanmu amarya ba ta kallon surukai, haka muka taso. Ke na ɗauke miki. Ɗago ki kalle ni."

Na ɗago. Na kalle ta sosai, da idon nan dai da ya sa ta ƙi shan furarmu, babu kwalli, babu gilashi. Ta kalle ni, leɓenta ya motsa kamar za ta yi magana, idonta ya kawo ruwa. Wannan karon ita ce ta fara sunkuyar da kai.

Na jawo hannunta na ci gaba da zane, layin ya tafi a miƙe har ƙarshen yatsa.